Rufin Jar Motar Mai Hoto

A shekarar da ruwa ya karya tsohuwar gadar bayan tasha, har mutanen ƙetare suka daɗe suna zagayowa ta hanyar maƙabarta kafin su iso kasuwa, a shekarar ne Kunne ya fara haɗuwa da Mai Hoto. Lokacin ba a laƙaba wa Kunne wannan suna ba tukuna. Siririn saurayi ne mai ɗinkin kujerun mota a wani lungu na garejin Tsohon Maigida, daga shi sai keken ɗinki da almakashi da tarin soso. Ubansa mai gyaran agogo ne, ya so ya gaje shi, amma saurayin ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana leƙen cikin abin da bai kai tafin hannu ba. Abu guda ya ɗauko daga shagon uban, shi ne iya saurare. Tun yana ƙarami ake kara masa agogo a kunne a ce, "Faɗa mini abin da ke damunsa."

Wata ranar da hadari ya haɗo, sai ga wata jar mota 'yar ƙarama ta shigo garejin. Kujera biyu gare ta, rufinta na tamfol ne mai naɗewa baya. A-kori-kura na biye da ita, ɗauke da wani rufi mai tauri naɗe cikin bargo. Mai motar ƙato ne mai tumbi, da kyamara rataye a wuya, shi ne mai shagon ɗaukar hoto na kusa da gidan waya. Ya sayi motar a hannu tare da rufin, wanda ake ɗorawa da damina a sauke da rani. Manyan makanikai suka ɗora, suka ɗaure, aka fita gwaji. Rufi ya yi ta fito, ruwa kuma yana ɗiga daidai kan gwiwar direba. Suka kwance suka sake, haka dai. Da abin ya ishe kowa, sai mai ɗinkin kujera ya taso daga lungunsa ya roƙi a fita da shi. Ya zauna ya rufe ido. Ba a yi nisa ba ya karkata kai, ya miƙa hannu ya taɓa wata kusurwa, ya ce, "Nan ne." Da suka dawo ya gyara, fito ya ɗauke. Tsohon Maigida ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Wannan ai ba mutum ba ne, kunne ne aka yi wa ƙafafu." Sunan ke nan da ya bi shi har furfura.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka ɗora rufi kamar kifa murfi ne a kan tukunya. Ba haka ba ne. Rufin yana da fegi biyu na ƙarfe a baya, suna shiga ramukansu a bayan kujeru. A gaba akwai sakata biyu masu hannu, su ke kama saman gilashi. Roba ta zagaye gefen duka. Ƙarƙashin kowane fegi ana sa washa, wani siririn zoben ƙarfe, ita ke ɗaga kusurwa ko ta sauke ta. Mota marar rufi kuwa jikinta yana bayarwa, ko yaya aka ɗora mata nauyi sai ta ɗan lanƙwasa, ko da ido bai gani ba. Saboda haka Kunne ba ya saita rufi a kan gangara, ba ya yi mota na kan jak, kuma ba ya yi kujerar direba babu kowa. Dole mai mota ya zauna a mazauninsa. Mutum biyu ke ɗagawa, a fara sauke baya, sannan gaba. Sakatun nan biyu tare ake rufe su, kowa da tasa, in ba haka ba rufin ya gudu gefe guda. Mota kuma sai ta kwana a gareji roba ta kwanta, da safe a buɗe, a ƙara matsewa, a sake rufewa. Ga jar motar Mai Hoto, washa uku ne a ɓangaren direba, ɗaya a ɗaya ɓangaren. Kunne ya san wannan kamar yadda ya san sunayen 'ya'yansa.

Irin waɗannan motoci ba su da yawa, amma duk inda suke sai sun nemo shi. Da wannan aiki ya yi aure, ya kama ɗaki biyu a saman wani shagon fenti, ya yi rainon 'ya'ya har suka watse. Bai taɓa buɗe nasa wuri ba. Ya ce lungunsa ya ishe shi. Kowace shekara, hadarin farko yana haɗowa, zai share wurin da ya fi ko'ina miƙewa a garejin ya jira jar mota. Tun yana ce wa mai ita "yallaɓai" har ya koma ce masa "ƙaton banza", shi kuma yana ce masa "tsinken ashana". Da Tsohon Maigida ya rasu, ɗansa ya karɓi garejin. Ma'aikata na ce masa Manaja. Ba mugu ba ne, yana kiran Kunne "Baba", yana ba shi hannu biyu. Amma mutum ne da ba ya son mota ta fita ta dawo.

Matar Kunne ce ta fara lura. Ta ga rediyo yana ta ƙara ƙarfi a gidan. Wata safiya butar shayi ta yi ta fito a kan wuta, yana zaune dab da ita yana ɗaure takalmi, bai ko ɗaga kai ba. Ta zo ta sauke, ta tsaya a gabansa yadda zai ga bakinta.

"Malam, ba ka ji ba?"

"Me?"

"Abin da na ce ke nan."

Ba duka jin ne ya tafi ba. Murya mai kauri, in tana kusa, yana kamawa, sauran kuma ya cike da kallon leɓe. Siririn sauti ne ya gudu: kukan tsuntsu, ƙarar ƙofa, fiton iska a bakin roba. Wato daidai abin da yake ci da shi. Matar ta yi maganar asibiti, ta yi maganar 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne. Ya ce, "Kin taɓa ganin an kawo wa mai gyaran ido aiki yana lalube? Ranar da aka ga abin nan a kunnena, ranar na gama."

"To, ranar da aka gane ba tare da an gani ba fa?"

Ya ɗauki hularsa.

A cikin wata guda motoci biyu suka dawo. Ta farko ya ce robar ce ta bushe, aka yarda. Ta biyu mai ita ya yi faɗa a tsakiyar gareji, yana kwaikwayon fiton da bakinsa, ma'aikata suna sunkuyar da kai. Da yamma Manaja ya zo lungun, ya jawo kujera ya zauna, abin da bai saba yi ba.

"Baba, yaushe jar motar nan ke zuwa?"

"Ko yau ko gobe. Hadari ya fara."

"To, idan ka gama da ita, ni ma zan shiga a zagaya da ni. Ba wai don wani abu ba." Ya juya makulli a yatsa. "Idan lafiya, shi ke nan. Idan na ji wani abu, sai mu zauna mu yi magana irin ta ɗa da uba."

Kunne ya san irin maganar. Ya ga an yi wa mai fentin garejin ita bara, yanzu yana gida yana kiwon kaji. Ya ce, "Ba komai, Manaja." Motar da ta ba shi suna, ita aka zaɓa a auna shi da ita.

Ta zo bayan kwana kaɗan, da hantsi. Kunne yana tsaye a wurin da ya share, da sifana a aljihu. Ya ji labarin Mai Hoto ya kwanta asibiti a ƙarshen rani, amma an ce abin ya zo da sauƙi, shi ma da ya aika gaisuwa an ce masa kada ya wahalar da kansa. Mai Hoto ya fito daga mota a hankali, riga tana yawo a jikinsa.

"Tsinken ashana! Har yanzu iska ba ta ɗauke ka ba?"

"Ina take ganina, kana tare mata hanya?" in ji Kunne. Bakinsa ne ya faɗa don sabo. Ido ya ga ramar, amma hankalinsa yana wajen ofishin Manaja, inda labule ya ɗan motsa.

Bana ba shi kaɗai ya zo ba. 'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke ce wa Auta ko da yake ita ma ta yi 'ya'ya, ta biyo shi a gaban a-kori-kura. Da aka kwance bargo, Mai Hoto ya naɗe hannun riga zai kama gefensa yadda ya saba, sai ta riga shi.

"Baba, je ka zauna a mota. Ai an ce zamanka ake bukata."

"Kin ji ta ko? Na zama buhun siminti."

"Kawu," ta ce da Kunne, tana kallonsa ido cikin ido, "ni na faɗa masa a gida, bari in faɗa a gabanka. Likita bai hana shi tuƙi ba, ni ma ban hana ba. Amma ranar da na ga ya kasa da wani abu na motar nan, ranar zan karɓe makulli. Ba zan jira a kira ni daga bakin titi ba."

"Uwarta ce sak," in ji Mai Hoto. "Ita ma haka ta yi mini da babur."

Suka ɗaga, Kunne da Auta. Ya ce mata ta bi shi sannu, baya tukuna. Fegi suka sami ramukansu, gaba ya sauka a kan gilashi. Ya zura washa uku a ɓangaren direba, ɗaya a wancan, ya matse. Auta ta fita sallamar mai a-kori-kura. Kunne ya shiga ya zauna a ɗaya kujerar, ya kama sakatarsa, ya ce, "Tare." Ya tura. A da, sakata in ta zauna tana yin wani ɗan ƙwas mai tsabta, da shi yake sanin ta kama. Yau ya ji motsin a hannunsa kawai. Ta Mai Hoto kuwa bai san lokacin da ta rufu ba, sai da ya miƙa hannu ya jijjiga ta. Ya ga abokinsa yana haki, ya ɗauka zafi ne.

Hanyar gwajinsu ba ta canzawa. A bi ta bayan rumbunan hatsi inda kwalta ta farfashe, sannan a hau miƙaƙƙen titin da ya nufi masaƙa. Wurin farko don ƙara, na biyu don fito. Kunne ya jingina, ya rufe ido.

Babu komai. Gurnanin inji yana shigowa ta ƙasusuwansa, tayoyi suna dukan ramuka, amma saman wannan, inda sana'arsa take, shiru ne kamar an toshe da auduga. Ya matse ido, ya riƙe numfashi. Wataƙila babu abin ji. Wataƙila aikin ya yi kyau, ai washa uku da ɗaya ba su taɓa ba shi kunya ba. Wataƙila kuma rufin yana ta ihu a kansa, abokinsa yana ji, yana jira ya yi magana. Suka kai masaƙa. Ya buɗe ido ya ce, "Mu sake."

Suka sake. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya fara shirya kalmomin a ransa: lafiya lau, mu koma. In ya faɗa, Manaja zai shiga. In bai faɗa ba, me zai ce?

Abin da ya manta shi ne, mutumin da ke gefensa da ido yake ci. Shekara da shekaru Mai Hoto yana kallon kan nan yana karkata wajen ƙara tun kafin shi ya ji ta. Yau abu yana bugawa dab da ƙeyarsa, kan Kunne kuwa yana tsaye kamar na gunki. Da suka sake shiga farfasasshiyar kwalta, sai Kunne ya ji an kama wuyan hannunsa. Mai Hoto bai dube shi ba. Ya ja hannun sama, ya kai shi bayan kansa, ya dafa tafin a jikin rufin daidai kusurwar baya, ya riƙe shi nan.

Ga shi kuwa. Bugu ne ƙarami, a kai a kai, duk lokacin da taya ta faɗa rami. Yana shiga yatsunsa sarai.

Mai Hoto ya sauka gefen titi ƙarƙashin wata bishiya, ya kashe inji. Suka zauna. Sannan ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, ya buɗe baki sosai.

"Tun yaushe?"

"Tun bara," in ji Kunne.

"Wa ya sani?"

"Uwar yara."

"To, mun zama uku. Ni kuwa ka san mantuwa gare ni." Ya ciro hankici ya miƙa masa. "Share fuskarka, ka zama kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Yaron nan Manaja ne zai shiga bayanka?"

"Shi ne."

"Sai ka tashi ka gyara. Ni ne kunnen yau, kai ne hannun."

Kunne ya fita ya zagayo. Ya danna kusurwar da tafin hannu, ta ɗan yi rawa. Fegin bai zauna har ƙasa ba, rufin yana tsaye a kan washa. Ya rasa gane kansa. Uku ne, ya ƙirga da yatsa, uku kamar kullum. Wurin da aka ɗora a miƙe yake, shi ya share shi. Robar ba ta kumbura ba. Me ya canza a motar nan? Ya sunkuya ta taga zai yi tambaya, sai a lokacin ya ga abokinsa da gaske. Agogo ya zamo daga wuyan hannu ya kusa kai gwiwar hannu. Bel an huda masa sababbin ramuka da ƙusa. Tsakanin tumbi da sitiyari, inda a da ko jarida ba ta wucewa, yanzu yaro zai zauna.

"Kai," ya ce a hankali. "Ina sauranka?"

"Na bar wa likitoci rabi. Sun ce za su ajiye mini."

Motar ba ta canza ba. Washa ukun nan na ƙato ne, wanda in ya zauna gefensa ke nutsewa. Kunne ya saita rufi don mutumin da ya sani, ya zaunar da wani. Kunya ta kama shi, ba ta aikin kaɗai ba. Tun safe tsoronsa ya rufe masa ido har bai tambayi amininsa jiki ba.

Suka buɗe sakatu. Ya sa kafaɗa ya ɗaga kusurwar, ya zare washa ɗaya, ya sauke, ya danna. Da saura. Ya zare ta biyu. Fegi ya zauna daram. Ya matse, ya koma kujerarsa, ya ce, "Tare."

Tasa ta rufu. Ta Mai Hoto ta tsaya a rabi. Ya ƙara hannu na biyu, ya cije, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Sakata ta ƙi. Ya saki, ya zauna yana kallon gilashi.

"Ɗazu ma da ƙyar," ya ce, ba tare da ya juyo sosai ba, amma Kunne ya karanta. "Gobe a gaban Auta za a yi."

Kunne ya buɗe tasa, ya miƙa hannu biyu, ɗaya nan ɗaya can, ya rufe su tare.

Suka hau titi. Kunne ya bi rufin da tafin hannu kusurwa kusurwa, bugu ya tafi. A miƙaƙƙen titi Mai Hoto ya ɗaga yatsa ya nuna saman gilashi ta gefen Kunne, ya tsuke baki alamar fito. Kunne ya lashi bayan hannunsa ya bi bakin robar da shi, har ya ji wani siririn sanyi. Suka tsaya, ya ƙara wa sakatar rabin juyi. Suka sake hawa. Mai Hoto ya saurara, ya saurara, sannan ya daki sitiyari.

"Shiru kamar ɗakin wanke hoto!"

"Ka tabbata? Kai ma ai ba yaro ba ne."

"Tumbi suka cire mini, ba kunne ba."

Manaja yana bakin ƙofa da suka dawo. "Kun daɗe, Baba."

"Tsohuwa ce, sai da lallashi," in ji Mai Hoto. "Shigo, ɗana, in nuna maka yadda ake tuƙi kafin a haife ka."

Sai da Manaja ya zauna, motar ta ɗan nutsa ta gefensa, sannan Kunne ya farga. Manaja ya yi biyunsa a nauyi. Duk saitin da aka yi, da tsinken ashana a kujerar nan aka yi shi. Jar mota ta fice.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya koma lungu ya jera sifanu da suke a jere. Ya dawo. Auta tana zaune a benci tana danna waya, ta ce masa wani abu, ya gyaɗa kai bai san me ya amsa ba. Washa biyun nan suna aljihunsa, yana ta juya su har suka yi ɗumi. Ya tuna mai fenti da kajinsa. Ya tuna matakalar gidansa, da yadda zai hau ta da rana tsaka, matarsa ta buɗe ƙofa ta gane tun bai yi magana ba. Hadari ya ƙara duhu ta gabas, iska ta fara kwasar takardu a titi. In ruwa ya sauko suna hanya, to, har ɗiga za a gwada.

Suka dawo da 'yan ɗigo a gilashi. Manaja ya fito, ya rufe ƙofa, ya shafa saman rufin. Wayarsa ta yi ƙara, ya ciro, ya juya baya yana dubawa, kuma a haka, fuskarsa na kallon bango, ya yi magana. Kunne ya ga ƙeyarsa tana motsi. Ya ji gunaguni, bai kama ko kalma ɗaya ba. Manaja ya yi shiru, da alama amsa yake jira. Ma'aikata biyu sun ɗago kai.

"Ka ji ko, tsinken ashana?" Muryar Mai Hoto ta cika garejin, irin wadda yake tara mutanen biki da ita a gaban kyamara. "Ya ce ko numfashin sauro bai ji ba! Ya ce wai ka yi haƙuri! To, kada ka yi saurin haƙura, ka bari sai ya sayo maka shayi."

Manaja ya juyo yana dariya. "A kawo wa Baba shayi," ya ce, ya shige ofis da wayarsa a kunne.

Kunne ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Bai ruɗi kansa ba. Ya san damina ɗaya aka saya masa, wataƙila biyu, kuma ba kowane mai mota ne zai kama masa hannu ba. Amma yau zai hau matakala a lokacin da ya saba.

Mota ta kwana a gareji kamar kowace shekara. Auta ta tafi da ubanta a tasi. Da ma'aikata suka fita cin abinci, Kunne ya kwance sakatar ɓangaren direba ya kai ta teburinsa. Ya daɗe yana juya ta a hannu. Sassauta ta ba zai yiwu ba, rufi ne a kan mutum cikin gudu. Sai ya ɗauki magagari ya bi kafaɗar ƙarfen inda take turjewa, kaɗan kaɗan, yana shafawa da babban yatsa, bai taɓa haƙorin da ke riƙewa ba. Ya sauya ƙusar da take juyawa a kai, wadda ta ci ta yi gwiwa. Ya zare robar hannun, ya kai wa mai walda ya ƙara masa tsawon gaɓar yatsa, ya goge, ya shafa baƙin fenti, ya mayar da robar ta rufe wurin. Da ya ɗaura, ya rufe ta da yatsa biyu. Sannan ya kama bakin rufin ya yi lilo da duk nauyinsa. Ko gezau.

Da safe suka zo. Auta ta tsaya a gefen taga, hannu a ƙirji. Kunne ya buɗe sakatu, ya bi notuna ya ƙara matsewa, ya shafa wa roba mai. Mai Hoto ya zauna a mazauninsa. Ya gyara madubi. Ya nemi tabarau. Ya ce a ba shi ruwa.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya mana. Mutum ba zai sha ruwa ba?"

Kunne ya shiga ya kama tasa. Ya ga hannun abokinsa ya tashi, ya tsaya a iska, sannan ya kama. "Tare," ya ce.

Hannu ɗaya Mai Hoto ya sa, da dukan ƙarfinsa, har ya kusa dukan gilashi. Sakata ta shige kamar an kira ta. Ya zauna baki buɗe. Sai kuma ya leƙa ta taga.

"Kin gani? Hannu ɗaya! Je ki faɗa wa likitanki. Kawo hannunki mu gwada, in ba tsoro ba."

"Na gani, Baba," in ji Auta. Ta sauke hannuwanta daga ƙirji, ta zagaya ta jira Kunne ya fito ta shiga.

Kafin ya fita, ya ga babban yatsan Mai Hoto yana bin hannun sakatar, ya kai ƙarshe, ya dawo, ya sake kaiwa. Ya kai yatsan hanci ya shinshina. Sannan ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, ya motsa leɓe a hankali, ba sauti, yadda ko makaho zai karanta: me ka yi mata?

Kunne ya buɗe ƙofa ya sauka, ya riƙe wa Auta har ta zauna.

"Matsar da kujerarka gaba, ƙaton banza, ƙafarka ba ta kai yadda take kaiwa," ya ce. "Ku tafi kafin ruwa ya sauko."

Ya je ya ture musu ƙofar gareji.